Rariyar Gidan Illo

Duk wanda ya zauna unguwar Ƙofar Dundaye a shekarun da Nasara suka fara mulkin Sakkwato ya san Iyatu. Ko bai taɓa ganin fuskarta ba ya ji labarinta, wai matar nan mai hawa soro. Mace fa, da zanenta da kallabinta, ta jingina tsani ta haye kan ɗaki da ƙwaryar laka a ka sai ka ce magini. Ba ta hawa sai ranar Juma'a, idan maza sun kwashe sun tafi masallaci, don kada namiji ya gan ta. To amma mata suna gida, kuma idonsu lafiya lau. Kafin a taso daga salla labari ya gama unguwa, ana ta ƙyaƙyata dariya a bakin murhu.

Ni dai ban ga abin dariya ba. Wa take da shi da zai hau mata?

Ɗakin da take wa wannan wahala na mijinta ne, Illo magini. Shi ya gina shi shekarar da aka kawo ta. Shi ya kwaɓa ƙasar, shi ya mulmula tubalin ɗaya bayan ɗaya ya shanya a rana, ya ɗora azara, ya yi daɓe. Da Nasara suka shigo gari, jama'a da yawa suka ce ba za su zauna ƙarƙashinsu ba, suka yi hijira gabas, Illo ya bi su. Lokacin Iyatu tana kwance, kurkunu ya kama ta ƙafa biyu, ko bayan gida sai da rarrafe. Ya tsaya mata a bakin ƙofa da sandarsa da gorar ruwansa.

"Ki kula min da ɗakin ga," in ji shi. "Kada ki bari ruwa ya ci shi. In Allah ya yarda, damina biyu ina dawowa."

Damina takwas ke nan. Waɗanda suka dawo sun dawo a rame, suka ce an yi mummunan yaƙi a Burmi, mutane sun faɗi ba iyaka. Wani ya ce ya ga Illo kafin yaƙin. Wani ya ce a'a, bayan yaƙin ya gan shi, cikin ayarin da ya miƙe hanyar Makka. Iyatu ta ɗauki magana ta biyu ta ƙulle a bakin zane, ta farkon kuwa ta yi kamar ba ta ji ba.

Haihuwa biyu ta yi, duka sun koma tun suna goye. Danginta suna Kware. Da suna zuwa, amma kowa ya zo maganarsa ɗaya ce, ta je gaban alƙali a raba auren nan ta huta. Tun tana ba su amsa har ta koma juya musu ƙeya, su ma suka ɗauke ƙafa. Sai ya zama daga ita sai kajinta. Ta yi kaɗi, dillaliya ta zo ta karɓi zare ta kawo mata gero. Ta tuƙa ɗan tuwo ta ci ita kaɗai tana fuskantar ƙofar ɗakin Illo. Wani yinin sai rana ta yi ja za ta tuna ba ta yi magana da kowa ba, sai ta yi gyaran murya don ta ji ko muryar tana nan. Kewa ta ci matar nan. Kada wani ya ce maka ta saba, ba ta saba ba.

Kullum da hantsi ta buɗe ɗakin ya sha iska, ta share, ta kakkaɓe buzun sallarsa, ta ɗaga kai ta duba azara ko gara ta hau. Ita kuwa a ɗakin ciyawa take kwana, wanda jinkarsa ta tsufa tun yaushe, da damina sai ta jera ƙore tana tarar yoyo.

To, ga inda maganar take. Unguwar a gangare take, gida bisa gida, kowa ruwan maƙwabcinsa na sama ta tsakar gidansa yake bi. A gindin kowace katanga akwai rariya, ɗan rami da ake bari tun ranar gini. Ruwa ya shigo ta wannan ya fita ta waccan, har ya faɗa lungu ya gangara fadama. Tun kaka da kakanni haka ake yi, ba wanda ya kafa doka, ba wanda kuma yake toshewa. Gidan da ke sama da na Iyatu na Malami mahauci ne da matarsa Tasalla. Katanga ɗaya ta raba su, bayan ɗakin Illo a jikin katangar nan yake, rariyar kuma tana dab da kusurwarsa, bai fi taki biyu ba.

A da, Tasalla ita ce mutuniyarta guda a duniya. Ta saman katanga suke hira, a miƙo garwashi a kasko, a miƙo romo ranar da nama ya kwana. Abin da ya shiga tsakaninsu ruwan wankin tumbi ne. Tasalla ce ke wanke wa mijinta kayan ciki, ta zubar, ruwan ya biyo rariya ya kwanta a gindin ɗakin Illo, ga wari ga ƙudaje, ga gini yana shan danshi da rani tsaka. Iyatu ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu. A na uku ta yi da zafi, ta kuma tarar da Tasalla a gajiye, goyo yana tsala mata kuka a baya.

"Wai Yaya, ɗakin wa kike wa gadi?" in ji Tasalla ta bayan katanga. "Mai ɗakin ga ƙasa ta daɗe da cinye shi."

Tun kafin ta rufe baki ta yi da-na-sani. Da yamma ta miƙo romo, ƙwarya ta koma mata yadda ta zo. A ranar Iyatu ta cusa dutse a rariyar ta liƙe da laka. Malami ya zo har zaure ya yi sallama, ya ba ta haƙuri, ya tuna mata hanyar ruwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta ce masa daga bayan asabari ta sani, ita ma ba baƙuwa ba ce a unguwar. Ruwan sama za ta ba hanya, ban da ruwan tumbi. Duk ranar da ɗigon farko ya faɗo a gidanta za ta buɗe, kuma ba za ta sake rufewa ba sai kaka. Ta kuwa cika. Damina biyu a jere, da an fara yayyafi za ka ji ta da taɓarya, bugu uku laka ta tarwatse, ruwa ya wuce abinsa. Amma magana da Tasalla, ko sannu.

Daminar ta uku ita ce ta zo da wani irin hali. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, a kwashe shanya, a kora awaki, sai ya juye kansa kaf a gefe ɗaya na gari ya bar ɗayan. Wajen Ƙofar Marke har gero ya kai gwiwa. Mutanen Dundaye kuwa irin da suka binne a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya ƙone a ramin. Mutum ya taso daga kasuwa sharkaf, ya iso unguwa ya tarar ƙura na tashi, a yi ta tsokanarsa ko rijiya ya faɗa. An fita roƙon ruwa, an yi sadakar gumba, shiru.

Akwai kuma wani abu da ya faru da rani wanda ba wanda ya kawo a ransa. Wani Bature ya zagaya gari bisa doki yana toshe hanci, ya ce babban kududdufin da ke saman unguwa shi ke haifar sauro. Aka tara mutane suka cike shi da shara da ƙasa. Kududdufin nan shi ke shanye ruwan tudu tun kafin a haifi Iyatu. Ba wanda ya tambayi inda ruwan zai nufa yanzu, ruwan ma ba a gan shi ba balle a yi masa hanya.

Ita Iyatu aikinta take. Ranar Juma'ar da ta gama shafe rufin, laso ya rage mata a ƙwarya. Laso shi ne shafen da ake haɗawa da katsin marina da ruwan makuba da gashin akuya, idan ya bushe ruwa ba ya ratsa shi, Illo ne ya koya mata haɗin. Ga shi gafiya ta tone mata toshiyar rariya har sau biyu, ruwan tumbi ya ɓullo. Ta ce asara ce a zubar da laso mai kyau haka. Ta sake cusa duwatsu, ta danna, ta shafe da laso shafi biyu, ta goge sumul da bayan hannu. Wata biyu cur yana shan rana.

Ranar wata Talata bayan azahar hadari ya taso daga gabas. Wannan ba irin na kullum ba ne. Gari ya yi duhu ta can, walƙiya na tsaga shi, tsawa na faɗowa ɗaya bisa ɗaya har ƙore na rawa a kan danki. Iyatu ta kwashe audugarta, ta rufe ƙofar ɗakin Illo, ta leƙa indararo ta ga ba tsuntsun da ya yi sheƙa a ciki. Ta ɗauko taɓarya ta jingina kusa, ta zauna bisa turmi tana kallon sama. Iska ta zo ta watsa mata ƙasa a ido ta wuce. Can kan tudu ana ganin ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, nan kuwa har wata 'yar rana ta leƙo.

Sai ta ji muryar Malami ta bayan katanga, yana haki.

"Inna Iyatu, don Allah ki buɗe rariyag ga. Daga kasuwa nike. Ruwan da anka yi can sama ban taɓa ganin irinai ba."

Ta miƙa tafin hannu sama, ta jira, ta duba. A bushe.

"Ɗigo guda bai faɗo gidan ga ba, Malami. In ya sauka ina buɗewa."

Ya roƙe ta, ya haɗa ta da Allah da Annabi, ya ce ruwan yana bisa hanya. Ta ci gaba da kallon sama. A ranta cewa take dabarar Tasalla ce, an ga hadari ana so a samu hanyar zubar da ƙazanta. Kuma tsakani da Allah, me zai sa ta yarda? Shekara takwas idonta yana sama. An ce mata kada ruwa ya ci ɗaki, ita kuma duk ruwan da ta sani daga sama yake zuwa, ya sauka a kan rufi. Rufin kuwa ba irinsa a unguwar.

Ba a daɗe ba ta ji wani ƙugi daga saman lungu, kamar garken shanu ya nufo mashaya. Sai ihun mata, sai kukan awaki. Ruwa ne ja wur, ya taho da tabarmi da ƙore da kaji da karan danni, ya wuce ta kan wurin da kududdufi yake a da bai ko tsaya ba. Ya shiga zauren Malami, ya cika tsakar gida, ya zo gindin katanga ya nemi hanyarsa ta kullum ya tarar a rufe. Sai ya tsaya nan yana hawa.

Tsakar gidan Iyatu ƙura ce, kaji na tono. Tana jin Tasalla tana kiran sunayen 'ya'yanta tana ɗora su bisa rumbu. Sai idonta ya kai gindin katanga, ta ga jar ƙasar ta fara yin duhu, danshi yana hawa a hankali daga ƙasa. Ta zabura ta ɗauki taɓarya ta kai wa rariya bugu.

Taɓarya ta yi tsalle ta dawo mata. Ta sake, ta sake. Ko ɓarɓashi bai zubo ba. Kai, laso! Ita ta haɗa shi da hannunta, ba ta yi masa ha'inci ba, ga shi yana nuna mata. Ta yar da taɓarya ta rarumo galmar Illo, ta sara har tafin hannunta ya fashe, bakin galma yana ta zamewa a kan shafen. Ta can ɓangaren tana jin Malami cikin ruwa har ƙugu, yana lalube yana sara da gatarin fawa, ba ya ganin abin da yake sara.

"Malami, sara! Don girman Allah sara!"

Shekara uku ba a ji ta ɗaga murya ba sai ranar. Ya ce yana yi, Inna, duwatsun sun cije.

Haka suka yi ta yi, ita nan shi can, har aka yi kiran la'asar ba wanda ya ji. Ruwa kuwa ba ya jiran mutum. Da ya rasa rariya sai ya nemi wata hanyar da kansa. Iyatu ta ɗago don ta share gumi, ta ga wani siririn jan ruwa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin Illo, yana bin tsakar gida a natse.

Ta saki galma ta banka ƙofar. Daɓen da take sharewa kullum ya zama taɓo, ƙafarta ta nutse har idon sawu. Bangon baya yana gumi, ƙasa na ɓantarowa daga gindinsa tana faɗawa ruwa, azara na ƙara a sama. Ta ɗauke buzun ta rataya a kafaɗa. Daga nan, maimakon ta fita, sai ta je ta dafa bangon da hannu biyu ta tokare, wai ita za ta riƙe shi. Hankali ya ce ta gudu, amma ina hankali a lokacin? Tana jin bangon yana motsi a tafinta, da sanyi, kamar cikin saniya.

Tasalla ce ta fid da ita. Ta ratso lungu cikin ruwa, ta shigo ta zauren da rabonta da shi shekara uku, ba sallama ba komai, ta cafki Iyatu ta ɗamara ta ja. Iyatu na tirjewa tana cewa a sake ta, Tasalla na ja tana kuka, har suka zube tare a tsakar gida.

Ɗakin bai faɗi da ƙarfi ba. Durƙusawa ya yi, bangon baya ya fara, sauran suka bi. Rufin ya sauko kusan a haɗe, sumul, ko tsaga babu a lason. Ruwan gidan Malami ya kwararo ta kan ɓaraguzan, ya share tsakar gida, ya kwashi turmi da kaji ya fice ta zaure. Kafin a jima ya janye, ya bar taɓo da wari.

Katanga ta zube hagu da dama. Abu ɗaya ya rage a tsaye, wani ɗan guntun gini da bai kai gwiwa ba, da rariyar a tsakiyarsa, a toshe.

Malami ya tsallako, rigarsa na ɗiga, gatari a hannu. Ya tsaya yana duban ɓaraguzan. Can ya ce a gode wa Allah da ba a yi rai ba, ya ce idan kaka ta yi zai kira gayya, a kwaɓa ƙasa a tayar mata da ɗaki wanda ya fi wannan. Tasalla ta durƙusa tana neman gafara, tana cewa bakinta ne ya ja, ta zo su kwana can gidansu ko a zaure ne.

"Ba ke ba ce, Tasalla," in ji Iyatu. "Ni ce. Ku tafi ku ga yara."

Ga maganar gayya kuwa ta ce Allah ya saka da alheri, a bar shi. Ba su so ba, amma nasu gidan ma yana jiransu, suka tsallaka suka tafi.

Ta zauna a gefen ɓaraguzan da buzu a kafaɗa. Ba abin da take nema, hannunta ne kawai yake tone-tone. Sai ta ci karo da wani tubali daga can saman bango, inda ruwa bai kai ba, ya fita daga cikin laka lafiyarsa lau. Ta juya shi. A gefensa ga sawun yatsu huɗu, ga na babban yatsa ta ɗaya gefen, inda mai shi ya riƙe shi yana ɗanye ya ajiye a rana. Ta sa nata yatsun a ciki. Ramukan sun yi mata yawa.

Shekara takwas tana shafe ginin nan ta waje, ba ta taɓa sanin hannunsa yana ciki ba. A nan ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da ya tafi, ba ta yi ba ranar da aka kawo labarin Burmi. Ta yi shi ita kaɗai, ba mai ba ta haƙuri, har ya ƙare don kansa.

Ɗigon farko a bayan hannunta ya faɗo. Na biyu ya faɗa kan tubalin ya yi tabo. Can cikin unguwa ta ji maza suna hamdala, wata tana guɗa, ruwa ya sauka a Dundaye. Ta yi maza ta cusa tubalin cikin zane, ta shiga ɗakin ciyawa, ta nemi kusurwar da ba ta yoyo ta shimfiɗa buzun, ta ajiye shi a kai, ta kifa masa ƙwarya.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon ruwan yana ƙaruwa. Ba katanga, ba ɗaki, ruwa yana bin duk inda ya ga dama. Amma ya sauka a gidanta, ita kuma ta ce in ya sauka tana buɗewa. Ta gyara ɗaurin zane, ta tsinci galmar a cikin taɓo, ta nufi rariyar.